Shaida Kan Ɗalibar Da Tallafin Bincike Ya Kai Gidajen Masu Jiran Shari'a A Gombe

Na nemi izininta kafin in rubuta wannan shaida, ta amince bisa sharaɗin kada in faɗi sunanta, ko unguwarsu, ko sunan kowa cikin mutanen da suka shimfiɗa mata tabarma. Ɗaliba ce da na duba wa kundin digiri na biyu a fannin nazarin zamantakewar al'umma. Ina son ɗalibanmu na Gombe da Bauchi su ji labarinta, domin da yawansu idan suka ji an ce jami'a kaza tana ba da tallafin binciken haƙƙin ɗan adam, kuɗin kawai suke hangowa. Kuɗin kuwa shi ne mafi sauƙi a lamarin. Mai wuyar shi ne ka shiga gidan da aka ɗauke wa mai ciyarwa, ka fito da maganarsu, ba tare da ka ƙara musu wani ciwo a kan wanda suke fama da shi ba.

A cikin garin Gombe aka haife ta. Mahaifinsu ya rasu tana firamare, riƙon gida ya koma hannun babban wansu, wanda duk gidan ke kira Hamma. Tela ne, da kekensa ɗaya a wani shagon haya. Tana babbar sakandare aka yi faɗan 'yan daban da ake kira 'yan Kalare a unguwarsu, aka ji wa wani mummunan rauni, aka ƙwace babur. Da daddare aka zo samame, aka kwashe duk saurayin da aka gani a kan layi, har da Hamma da ke dawowa daga shago da ɗinkin mutane a leda. Bayan kwanaki a caji ofis aka kai su gaban majistare da tuhumar fashi da makami. Majistare ba shi da hurumin sauraron irin wannan tuhuma, sai babbar kotu. Iyakar abin da zai yi shi ne ya ce a ajiye su a gidan yari har a samu shawarar daraktan gabatar da ƙara na ma'aikatar shari'a. Aka ajiye su. Shawara ba ta zo ba, domin fayil ɗin bai ma tashi daga teburin da aka aje shi ba. Sai da ya haura shekara a tsare, sannan wani lauya mai aikin taimako ya bi sawun takardun, shawara ta fito cewa babu abin da za a tuhume shi da shi. Ya dawo gida da tari, ya tarar an sayar da keken, an ba wani shagon, ƙannensa biyu sun bar makaranta. Ita ta tsira ne saboda wani kawunsu ya ɗauki nauyinta.

Sai da ta shiga jami'a ta gano cewa abin da ya sami Hamma yana da gurbi a cikin doka. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Amma sashen ya ware wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, kuma fashi da makami yana ciki. Ta wannan ƙofar ake shigar da samari da yawa a manta da su. Sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta zo ta ɗaure wannan ajiya da wa'adi: kwana 14 a karon farko, ana iya ƙara wasu 14, sannan wasu 14 na ƙarshe bayan kotu ta nemi hukuma ta yi bayani. Ta kuma ɗora wa majistarori ziyartar caji ofis aƙalla sau ɗaya a wata. Jihohi sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari, kuma ɗalibin da zai yi aiki a Gombe ko Bauchi dokar jihar zai nema ya karanta, domin ita ke aiki a kotunan jiha, lambobin sassanta kuma ba lallai su zo ɗaya da na tarayya ba. Duk da wannan, kusan kashi biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba hukunci suke yi ba.

Wannan ne ta so ta bincika, ba ta kuma da ko sisi. A nan ɗalibai ke yawan ruɗewa. Kuɗin bincike na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na malamai ne, ba na ɗalibai ba. Ɗalibi yana moriyarsa ne kawai idan malaminsa ya ɗauke shi mataimaki a aikinsa. Shahararrun tallafin da ake gani a intanet, irin na Cibiyar Haƙƙin Ɗan Adam ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wadda aka kafa a 1994, ko na shirin haƙƙin ɗan adam na tsangayar shari'a ta Jami'ar Harbad, na ɗalibansu ne. Sukan ba ɗalibi kuɗi ya je ya yi aiki tare da wata ƙungiya a lokacin hutu. Namu ɗalibi ba zai cika wannan fom ba, ɓata dare kawai zai yi. Waɗanda suka fi kusa da mu su ne irin tallafin SSRC, majalisar binciken zamantakewa ta Amurka, ga masu digiri na uku a wasu ƙasashen Afirka har da Najeriya, da ƙananan tallafin rubuta kundi da CODESRIA, majalisar binciken zamantakewa ta Afirka da ke Dakar, ta yi suna a kansu a baya, da na cibiyar IFRA ta Faransa da ke Ibadan. Mai digirin lauya kuma yana iya neman digiri na biyu kan haƙƙin ɗan adam da dimokuraɗiyya a Afirka a Jami'ar Piretoriya, wanda aka fara a 2000. Nata ya zo ne daga wata cibiya ta jami'ar ƙasar waje mai haɗin gwiwa da jami'o'in nan. Abu na farko da za ka karanta a kowace sanarwa shi ne layin da ya faɗi wanda ya cancanta, na biyu ranar rufewa da agogon ƙasar da ake lissafi da shi.

Neman farko ba ta samu ba. Taken da ta sa shi ne take haƙƙin ɗan adam a Arewa maso Gabas baki ɗaya, jihohi shida, cikin wata uku, ita kaɗai. Masu tantancewa suna karanta takardu da yawa, kuma abin da suke nema shi ne aikin da mutum ɗaya zai iya gamawa da kuɗin da ake bayarwa. Yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya zaunar da ita a gida, a nan ta sake gina takardar. Ta matse ta zuwa tambayoyi biyu: me ke faruwa da gida a watannin farko bayan an ajiye mai ciyar da shi, kuma a wane ofis fayil ke tsayawa? Ta zaɓi wurare uku kawai, cikin garin Gombe, da Kumo, da Billiri, don a samu birni da karkara, a samu Musulmi da Kirista. Ta rubuta cewa za ta yi hira da iyalai 30 da ma'aikata kamar 10: lauyoyi, rajistarorin kotu, masu gabatar da ƙara. Ta haɗa da wasiƙar wata ƙungiyar lauyoyi da ta amince ta riƙa karɓar mutanen da za ta turo. Wannan wasiƙa, a ganina, ita ta ciyo mata tallafin, domin ta nuna cewa ta san mutane za su tambaye ta taimako, ta kuma shirya amsa.

Labarin Hamma jimla biyu ta ba shi a cikin takardar. Haka ya dace. Ya isa a san ba baƙuwar zancen ba ce, bai kai a ɗauka ramuwa ta fito yi ba. Masu rubuta mata wasiƙar shaida kuma ta ba su mako uku, ta haɗa musu da kwafin takardar neman, domin malamin da aka zo wa ana gobe rufewa wasiƙar da ya rubuta wa wani zai canza wa suna.

Kasafin kuɗi shi ne wurin da aka fi faɗuwa, ita ma ya taɓa ta. A farkon 2023 ta rubuta shi. Ranar 29 ga Mayu aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na Keke Napep suka bi. Abin da ta ware wa sufuri na wata uku bai kai rabin tafiya ba. Abin da ya cece ta shi ne ta rubuta wa masu tallafin kafin ta taɓa wani layi na kasafin, ta nemi izinin ɗauke kuɗin da ta sa na sayen kyamara ta mayar sufuri. Suka amince a rubuce. Wanda ya juya kuɗi daga layi zuwa layi ba tare da wannan izini ba, ko da gaskiya ya kashe su, za a iya riƙe masa kason ƙarshe. Yawanci ba a ba da kuɗin gaba ɗaya. Akan ba da kaso mafi girma a farko, saura sai an ga rahoto da rasit. Idan kuma ta asusun jami'a za su biyo, ka ƙara makonni a lissafinka. Idan dala ce, ka buɗe asusun dala tun kafin sakamako ya fito.

Kasafi mai kyau yana da kuɗin zuwa wuri sau biyu, domin zuwan farko gaisuwa ce, ba hira ba. Yana da ladan tafinta, domin a Billiri akwai tsofaffin da ciwon zuciyarsu sai da Tangale yake fita, a ƙauyukan Akko kuma da Fulatanci. Yana da rikoda ƙarama mai batir, ba waya ba, da abin cajin tafi-da-gidanka, da kuɗin buga takardu, da kuɗin motar waɗanda za su taso su same ka. Ka bar aƙalla kashi 10 cikin 100 na abin da ba a zata ba. Mai acaɓa da mai keke ba su da rasit, saboda haka ta sayi ƙaramin littafi, kowace tafiya ta rubuta rana, daga ina zuwa ina, da nawa ta biya, a ranar ba washegari ba. Masu tallafin sun karɓi littafin a matsayin shaida, domin ta tambaye su tun farko ko za su karɓa.

Izini kuwa hawa-hawa ne, kuma kowane yana jiran na ƙasa da shi. Sashen da kake karatu zai ba ka wasiƙar gabatarwa. Kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a zai duba tambayoyinka da takardar amincewa. Kwamitin ba kullum yake zama ba, kuma masu tallafi da yawa ba sa sakin kuɗi sai sun ga hatiminsa. Shiga gidan gyaran hali kuma ba a hannun shugaban gidan yake ba. Sai an rubuta wa kwanturolan gidajen gyaran hali na jiha, sau da yawa ma sai maganar ta kai hedikwata a Abuja. Wanda ya san harin da aka kai gidan yarin Bauchi a Satumbar 2010, inda fursunoni sama da 700 suka fita, da na Kuje a Yulin 2022, ba zai yi mamakin wannan tsauri ba. Ita ta makara wajen rubuta tata wasiƙar, lokacinta ya soma ƙurewa kafin amsa ta zo. Sai ta ajiye batun shiga ciki, ta tsaya kan iyalai da waɗanda aka riga aka sako. Wannan sauyi ya ƙara wa aikin lafiya. Mutumin da ke tsare, gandiroba na tsaye a bakin ƙofa, bai da cikakken ikon cewa a'a, kuma abin da ya faɗa zai kwana da shi a wurin bayan kai ka koma gida. Mai son shiga ciki lallai ya rubuta wasiƙarsa aƙalla wata uku kafin lokaci, ya kuma sani ba za a bar shi da waya ko rikoda ba.

Samun iyalan shi ne inda take da fifiko a kan ɗalibi namiji, domin gidajen da yawa ba a shiga, kuma waɗanda aka bari a ciki mata ne. Ta fara da gaida mai unguwa, a ƙauye kuma jauro, kamar yadda ya wajaba. Amma ba ta bari su zaɓar mata gidaje ba. Wani mai unguwa ya ce zai haɗa ta da yaronsa ya zagaya da ita. Ta ce, "Ranka ya daɗe, na gode ƙwarai. Gaisuwa na kawo, don ka san da shigowata unguwarka. Matan da zan gani kunya za su ji idan da namiji a tare da ni." Dalilin da ba ta faɗa ba shi ne, wani lokaci mai unguwar ne ya ba da sunayen da aka kama, wani lokaci kuma mai ƙarar ɗan'uwansa ne. Ta hanyar lauyoyi da malaman Islamiyya na mata da shugabannin zumuntar mata a coci ta samu gidajen farko, su kuma suka nuna mata wasu. A kan haka ma ta yi taka-tsantsan, kada duk hirarta ta ƙare a dangi ɗaya.

Damina ce, mutane suna gona. Hira ba ta yiwuwa sai bayan la'asar, ita kuma dole ta bar ƙauye kafin magariba. Ranar kasuwa babu kowa a gida. Ruwan Agusta ya yanke mata hanya fiye da sau ɗaya. Hira biyu a rana ita ce iyaka, wanda ya rubuta biyar a takarda bai taɓa fita ba.

Takardar amincewa ta kusa rufe mata ƙofofi. Kwamiti ya tsara a sa hannu ko a dangwala yatsa. A wani gida ta samu tsohuwa tana tsince wake a faifai, ɗanta direban babur ya kusa shekara a tsare. Suka gaisa, aka kawo ruwa, hira ta fara daɗi. Tana fito da takarda da tawadar dangwale, tsohuwar ta janye hannunta ta sa a ƙarƙashin mayafi. Ta ce, "'Yata, ranar da ɗana ya dangwala yatsa a takarda, ranar na rabu da shi." Ta mayar da takardar jaka, ta ce, "Goggo, ki yi haƙuri, ba sai kin dangwala komai ba. Yau gaisuwa ce kawai." Ta koma ta nemi kwamiti ya amince da yarda ta baki. Tsarin da aka tsayar shi ne ta karanta bayanin da Hausa ko ta bakin tafinta, ta faɗi ko ita wace ce, wa ya ba ta kuɗi, ina maganar za ta je, cewa ba za a sa suna ba, cewa mutum yana iya tsayawa a tsakiya ko ya ce a goge. Sannan ta tambayi mutum ya maimaita abin da ya fahimta da bakinsa. Idan ya yarda, ta rubuta lamba da rana a littafinta. Izinin ɗaukar murya daban ake nemansa. Da yawa sun yarda da hira sun ƙi rikoda, sai ta rubuta da hannu.

Jimlar da ta fi kowace nauyi a bakinta ita ce, "Ni ba lauya ba ce, kuma ba zan iya fito da shi ba." Dole a faɗe ta a farko, kafin a zauna sosai. Matar da ta ga 'yar jami'a da jaka da takardu za ta ɗauka ceto ya zo, kuma za ta faɗi duk abin da take ganin zai taimaka, har wanda bai faru ba. Bayan jimlar wasu sun sallame ta, kuma haƙƙinsu ne. Waɗanda suka ci gaba, a ƙarshe takan ba su bayanin inda za su je: Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, wadda ke tsaya wa marasa hali kyauta tun 1976, ofishin jiha na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, wadda aka kafa a 1995, ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, da lauyoyin da suka ba ta wasiƙa. Ba ta miƙa sunan kowa ga lauya sai da izininsa. Ba ta biya kuɗin labari ba. Takan tafi da sabulu ko sukari a matsayin tsaraba, ta ba kowane gida daidai, wanda ya yi hira da wanda ya ƙi.

Akwai tambayar da ta cire gaba ɗaya: shin ya aikata? Mai bincike ba shi da irin kariyar da ke tsakanin lauya da wanda yake karewa. Kotu tana iya neman abin da ke hannunsa, ana iya ƙwace wayarsa a shingen hanya. Idan uwa ta fara ba da bayanin daren da abin ya faru, takan kashe rikoda ta mayar da zancen kan abin da ya biyo bayan kamun. Sunaye ba su shiga faifan murya ko kwamfuta ba. Kowane gida lamba yake da ita, takardar da ta haɗa lamba da suna kuma guda ɗaya ce, da hannu, a kulle a wani wuri daban. Kowane dare takan kwashe muryoyin zuwa kwamfuta mai kalmar sirri, ta aje kwafi a wani ma'aji, ta goge na rikoda. Ba ta aika komai ta WhatsApp ba, ko ga malaminta. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ɗora wannan nauyi a kan duk mai tara bayanan jama'a. Cire suna kaɗai kuma bai isa ba. Idan ka rubuta "matar wani maƙeri mai 'ya'ya bakwai a Kumo," ka faɗi sunanta ga duk ɗan garin. Sai ka sauya sana'ar ko ka bar garin.

Abin da ba ta lissafa daidai ba shi ne mayar da murya rubutu. Hirar awa ɗaya tana cin awa biyar zuwa shida a rubuce, idan da fassara ta fi haka. Hira 30 ke nan awa 150 zuwa 180, aikin fiye da wata guda ga mai zama kullum, ga ɗauke wuta. Ba ta ba mai shagon kwamfuta ya buga mata ba, domin ba ta san wa zai ji ba. Ta rubuta da Hausa tukuna yadda aka faɗa, sannan ta fassara abin da za ta kafa hujja da shi kaɗai. Inda aka yi da Tangale ko Fulatanci, ta sa wani na biyu ya saurari guntu ba tare da suna ba, don a gwada ko tafinta ya taƙaita ko ya gyara magana. Tafintan yakan gyara, musamman inda mace ta zagi hukuma ko dangin miji.

Abin da ta samo bai yi kama da abin da ta fita nema ba. Ta ɗauka za ta tarar da mugunta a kowane mataki. Ta tarar da ita a wasu wurare, amma abin da ya fi yawa shi ne sakaci da rashin mai bibiya. An yi wa ɗan sanda mai binciken ƙara canjin wurin aiki, fayil ya zauna a durowa. Babu kuɗin buga kwafin da za a kai ma'aikata, sai iyali su biya. Ranar zama ta zo, motar kai fursunoni ba mai. Mai ƙara ya daina zuwa, ba a kuma kori ƙarar ba. An ba da beli, amma sharaɗin sai ma'aikacin gwamnati mai babban mataki ko mai takardar fili a cikin gari, manomi kuwa ba shi da irin wannan a danginsa. A bangon caji ofis an rubuta beli kyauta ne, amma ta sha jin nawa aka biya. A gida kuma abin yana bin tsari kusan iri ɗaya: a fara da sayar da akuya, sai kayan ɗakin matar, sai jinginar da gona, sai a cire 'ya mace daga makaranta a ɗora mata talla. Matar tana nan da aure a kanta babu miji, dangi suna gajiya da ciyarwa, wasu suna matsa mata ta nemi a raba auren. Rajistarori da masu gabatar da ƙara da ta zanta da su ba su musanta komai ba. Sun ƙara mata da nasu ƙorafin na yawan fayil da ƙarancin hannu. Sanya muryarsu ya sa rahoton ya zama abin da ma'aikaci zai iya karantawa har ƙarshe.

A tsakiyar aikin barci ya ƙaurace mata. Kowane gida gidansu take gani. Ta zo ta ce, "Malam, ina jin ba zan iya ƙarasawa ba." Hutun mako guda, da rage hira zuwa kwana uku a mako, da samun wata babbar malama da take zama da ita ta fitar da abin da ke ranta, su suka mayar da ita kan hanya. Ba rauni ba ne. Duk mai jin irin wannan labari kullum zai ɗauki wani abu daga ciki. A sa ranakun hutu a cikin jadawali tun farko, a kuma samu mutum ɗaya a gida da ya san inda kake kowace rana da lokacin da ya kamata ka dawo.

Ta miƙa rahoton Turanci da littafin lissafi a kan lokaci, aka sako mata kason ƙarshe. Masu tallafin ba su nemi fiye da haka ba, amma tun a kasafi ta ware kuɗin komawa. Ta rubuta shafi biyu da Hausa mai sauƙi: wa'adin ajiya, haƙƙin ganin lauya, haramcin kama wani a madadin wani wanda dokar 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 suka tanada, tambayoyin da za a yi wa rajistara, da muhimmancin rubuta lambar ƙara da ranar zama a ajiye. Iyalai da yawa ba su san lambar ƙarar ɗansu ba, kuma ba tare da ita ba lauya ma sai ya sha wuya. Ta koma gida-gida ta karanta musu, ta kuma karanta wa kowa abin da ta ɗauko daga bakinsa. Mata biyu sun ce a cire nasu, ta cire. Wasu daga cikin waɗanda ta tura wa lauyoyi an sako su, wasu suna nan har ta kammala.

Yanzu tana koyarwa a wata makaranta, tana kuma shirya neman tallafin digiri na uku. Wannan karon kan sharuɗɗan beli kaɗai za ta tsaya, a kotunan majistare na Gombe da Bauchi, kuma wasiƙun neman izini ta fara rubutawa kafin takardar neman kuɗin.